Babana ya ce karatu kawai: in shiga ƙungiyoyin ɗalibai ko in kame?

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sashen ilimin tattalin arziki, kuma ba mu daɗe da gama rijista ba. Ranar da zan taho mahaifina ya ja mini kunne cewa karatu ya turo ni, ban da ƙungiya, ban da siyasar ɗalibai. Su kuma yayyenmu da ke gaba da mu cewa suke yi wanda ya fita da takarda kaɗai ya yi asara. Ga ƙungiyoyi nan birjik, kowacce tana kira. In shiga ko in kame? In kuma zan shiga, wacce?

Amsa: Ɗana, Allah ya sanya albarka a karatun nan, ya sa ka gama lafiya. Na daɗe ina koyarwa a jami'a, na kuma sha riƙe aikin malamin da ke ba ƙungiyoyin ɗalibai shawara, saboda haka tambayarka ba baƙuwa ba ce a wurina. Shawarata ita ce ka shiga, amma ka bari zangon farko ya wuce tukuna, ka zaɓi guda ɗaya ko biyu, kuma in ka je, aiki za ka nema a ba ka, ka bar wa masu son kujera kujerarsu.

Bari mu fara da babanku, domin maganarsa tana da tushe, kuma ba na son ka ɗauke ta tsoro ne irin na tsofaffi. Mutanen zamaninsa sun ga abin da ya sa suke faɗin haka. A watan Afrilun 1978, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci da kwabo 50 a rana. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira zanga-zanga tana neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai suka mutu a Legas da kuma Zariyar da kake ciki yanzu. Gwamnati ta haramta NUNS, sai a 1980 NANS ta maye gurbinta. Ranar 23 ga Mayun 1986 kuma 'yan sanda suka shiga babbar harabar jami'arku da ke Samaru ana tsakiyar wata taƙaddama tsakanin ɗalibai da hukumar jami'a, aka sake rasa rayuka, rikicin ya bazu har aka rufe jami'o'i da dama. Duk uban da ya ji waɗannan labarai a rediyo yana saurayi, ba zai manta ba ranar da zai sallami ɗansa zuwa Samaru.

Ga kuma ƙungiyoyin asiri. Ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ba don zubar da jini aka kafa ta ba, amma waɗanda suka ɓalle daga cikinta da waɗanda suka kwaikwaye ta daga baya sun zama annoba a makarantu. Ranar 10 ga Yulin 1999, kafin asuba, 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, suka kashe ɗalibai 5, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗaliban jami'ar, George Iwilade. To ka ga abin da babanku yake gudu kenan: harsashi, asiri, da kuma kora. Sai dai abin da ke gudana a jami'a bayan an tashi daga lakca ya fi waɗannan ukun faɗi nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansa in ya gani da idonsa shi da kansa zai ce ka je.

Dalilin da ya sa na ce ka jira zangon farko ya wuce lissafi ne, kai kuwa ɗalibin tattalin arziki ne, za ka gane shi da wuri. A tsarin maki 5 da ake amfani da shi, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, wanda ɗalibai ke kira 2:1 daga 3.50, 2:2 kuma daga 2.40. Makin da ka samu a aji ɗaya yana bin ka har ranar fita, domin tarawa ake yi a raba. A ce nauyin kwasa-kwasan kowace shekara daidai yake, kuma ka gama shekarar farko da 2.00. In kana son fita da 3.50 a karatun shekara 4, dole sauran shekaru ukun kowacce ka samu 4.00, wato ka zama ɗalibin da ba ya sauka ƙasa da B a matsakaici. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce, ko da za ka cinye A a kowane kwas har ka gama. Ga kuma dokar yawancin jami'o'inmu cewa wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lakca ba, ba shi da hurumin shiga jarrabawa. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka shigo da zumuɗi, suka sa suna a ƙungiya biyar cikin wata guda, yau taro gobe liƙa fosta, sakamako ya fito da kariyoba uku, wato kwasa-kwasan da suka faɗi sai sun maimaita, suka ƙare sauran shekarunsu suna biyan bashin shekarar farko. Wannan yana yi mini ciwo har yanzu, domin ba rashin basira ne ya kayar da su ba.

Saboda haka zangon nan na farko na kallo ne. Ka san hanyar ajinka da ta ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ka gane yadda kowane malami ke tsara gwajinsa, ka san awa nawa kake buƙata kafin darasi ya zauna maka. Tarukan wayar da kan sababbin ɗalibai ka je, na jami'a da na sashe da na masallaci, ka zauna a baya ka saurara. Ka lura da ƙungiyar da ke fara taro a kan lokaci, da wadda ke karanta wa mambobi abin da ya shigo da abin da aka kashe, da wadda shugabanninta ke zuwa aji. Waɗannan ukun sun fi duk abin da aka rubuta a jikin fosta gaya maka gaskiyar ƙungiya.

Me ya sa na nace ka shiga, tunda ga haɗari? Saboda akwai abubuwan da babu kwas ɗin da ke koyar da su, kuma ranar da ka fita su za a fara nema a wurinka. A aji ɗaya za ka zauna lakca tare da ɗaruruwan mutane, malami ba zai san sunanka ba, wataƙila ka shekara ba ka buɗe baki a gaban jama'a ba. Amma ɗalibin da aka ce ya shirya ƙaramin taron lakca na sashe, duba abin da zai bi ta kansa. Zai rubuta takardar neman izini zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ta hannun shugaban sashe, a dawo masa da ita saboda bai sa kwanan wata ba ko bai bi ta hannun da ya dace ba, ya sake rubutawa. Zai nemi ɗakin taro ya tarar wani ya riga shi. Zai je gayyatar babban malami, ya koyi yadda ake jira a bakin ofis da yadda ake faɗin buƙata cikin minti biyu. Zai ƙiyasta kuɗin ruwa da hayar lasifika da man janareta, kuɗin su gaza, ya san abin da zai yanke. Ranar taro baƙo mai jawabi ya makara, shi ne zai riƙe mutane. Bayan an watse ya zauna ya rubuta rahoto, ya haɗa rasitai. Wanda ya yi wannan sau biyu ko uku, in ya shiga ofis ko ya buɗe sana'arsa, babu abin da zai zame masa sabo.

Nan ne maganar aiki da kujera ta shigo. Duk shekara in lokacin zaɓe ya zo, kujerar shugaba ce ake rububi a kanta, sakatare da ma'aji da mai kula da harkokin karatu kuwa wani lokaci sai an roƙi mutum kafin ya tsaya. Ni kuma a abin da na gani, waɗannan da ake gudu su ne makarantar. Sakatare shi ke rubuta wasiƙu da bayanin taro, shi ya san inda kowace takarda take. Mai kula da harkokin karatu shi ke tsara tutoriyal, ya nemo waɗanda za su koyar, sau da yawa ma shi ke tsayawa a gaban allo, kuma babu hanyar da darasi ke zama a kai kamar ka koyar da shi. Kai ko muƙami ma ba dole ba ne. Ka je wurin shugabanni ka ce, "Wane aiki ne babu mai yi? Ku ba ni." Za su yi mamaki, domin ba a saba zuwa musu da irin wannan ba, kuma kafin shekara ta zagayo kai za a riƙa nema. In daga baya mutane suka ce ka fito takara saboda sun ga aikinka, wannan daban ne da wanda ya buga fosta tun bai san inda ofishin sashe yake ba.

Garin da kake karatu yana da misali babba a kan wannan. A 1958, kafin ma a kafa jami'ar a 1962, wurin yana kwalejin fasaha da kimiyya, wasu ɗaliban sashen zane suka kafa 'yar ƙungiyarsu, wadda aka sani da Zaria Art Society. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, manhajar ta Ingila ce, su kuwa suna ganin bai kamata mai zane ɗan Najeriya ya jahilci zanen gidansu ba. Ba su ƙaurace wa aji ba, sun ci gaba da karatunsu, amma bayan lakca sukan haɗu su tattauna, lokacin hutu kowa ya koma garinsu ya binciko fasahar mutanensa. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, a 1961 ta watse, amma duk mai karanta tarihin zanen zamani a Najeriya sai ya bi ta kanta. Okeke ya je ya jagoranci sashen zane a jami'ar Nsukka, Grillo a kwalejin Yaba, Nwoko kuma a 2023 aka ba shi babbar lambar girmamawa a baje kolin gine-gine na Venice da ke Italiya. Abin lura shi ne ba kujera ce ta haɗa su ba, wani aiki ne da suka ga manhaja ta bari suka ɗauka.

Irin wannan bai ƙare ba. Tun tsakiyar shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na jami'ar suke fita Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Maska suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Ɗaliban shari'a a harabar jami'ar da ke Kongo, a nan Zariya, suna da cibiyar taimakon shari'a kyauta, inda ake bin kadin mutanen da ke tsare suna jiran shari'a ba su da lauya. Ɗaliban likitanci suna fita duba marasa lafiya a karkara. Ɗaliban injiniya sun haɗa ƙaramar mota mai tsimin mai suka shiga da ita gasar Shell Eco-marathon, wasu kuma sun ciyo kyaututtuka a gasar fasahar sadarwa ta duniya da kamfanin Huawei ke shiryawa. Akwai gidan rediyon jami'a, akwai masu aikin jarida na harabar makaranta, akwai Enactus mai haɗa ɗalibai su ƙirƙiro sana'ar da za ta magance wata matsala a unguwa, wadda ta dace da karatunka sosai, akwai Red Cross da Man O' War ga mai son horo da aikin ceto.

In ka ce in zaɓar maka, da ƙungiyar sashenku zan ce ka fara, wato NESA ta ɗaliban tattalin arziki. Dama kana biyan kuɗinta, malamanka ne ke sa ido a kanta, kuma aikinta yana komawa cikin karatunka: tutoriyal, tsofaffin takardun jarrabawa, muhawara a kan kasafin kuɗi ko farashin mai, koyon sarrafa alƙaluma a kwamfuta. A nan za ka san 'yan aji uku da aji huɗu da za su gaya maka kwas ɗin da ke kayar da mutane da yadda ake tunkararsa. A nan kuma malamai za su san fuskarka ta hanyar da ta dace.

Ƙungiyar 'yan jiha ko 'yan ƙaramar hukuma fa? Ka yi rijista da ita, kada ka raina ta. Su ne za su sanar da kai in an buɗe neman tallafin karatu na jiha, su ne za su kwana da kai a asibiti in ciwo ya kama ka, su ne za su haɗa kuɗin mota in an yi maka rasuwa. Amma ina da ƙorafi a kan yadda yaranmu ke amfani da ita. Sai ka ga yaro ya zo jami'ar da ke tara ɗalibai daga kowace kusurwa ta Najeriya, ya kwana da 'yan garinsu, ya ci abinci da su, ya yi karatu da su, ya shekara huɗu bai yi aboki ɗaya Bayarabe ko Tibi ko Ibo ko ɗan kudancin Kaduna ba. Ranar da aka tura shi hidimar ƙasa Ebonyi ko Ondo sai ya rasa yadda zai yi da kansa. Akwai kuma maganar Turanci, wadda ba a son faɗa amma dole a faɗa. Da yawa daga cikin yaran da suka fito makarantun gwamnati suna rubuta shi daidai gwargwado, amma kunyar yin kuskure ta hana su furtawa. Maganin wannan ba ya cikin littafi. Sai ka shiga inda dole ka yi magana da wanda ba ya jin Hausa, a yi maka dariya sau ɗaya ko biyu, bakinka ya saki. Don haka cikin ƙungiyoyi biyun da za ka zaɓa, ɗaya ta kasance wadda mafi yawan mutanenta ba 'yan garinku ba ne.

Ta ɓangaren addini, MSSN ta ɗalibai Musulmi tsohuwar ƙungiya ce, a Legas aka kafa ta a 1954, kuma a jami'o'in Arewa tana cikin masu tsari. Tana shirya tutoriyal kyauta, da karatun Alƙur'ani da tajwidi, da tarbar sababbin ɗalibai, da buɗa-baki a watan azumi, kuma duk waɗannan suna buƙatar hannaye. Ɗalibai Kirista suna da irin tasu, kamar FCS da NFCS. Ina jin babanku ba zai ƙi wannan ba. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: ka je don ilimi da ibada da hidima. In ka ga zama ya koma zagin malaman wani ɓangare, ko kafirta wanda kuke sahu ɗaya da shi, ko tunzura ku a kan abokan karatunku da ba addininku ɗaya ba, ka ɗauki takalminka. Ka kuma tuna limamin masallacin jami'a da malaman da ke kula da ƙungiyar suna nan don irin wannan, ka kai musu tambayarka kafin ka kai wa wanda ya girme ka da shekara biyu.

Sai siyasar ɗalibai, wadda a ABU take ƙarƙashin majalisar wakilan ɗalibai, SRC, a wasu jami'o'in kuma SUG. Ba zan ce maka aikin banza ba ne. In ruwa ya ɗauke a hostal, ko an ƙara kuɗin makaranta, ko masu motar haya sun tsawwala, dole wani ya zauna da hukuma a madadin dubban ɗalibai, kuma na ga yara masu hankali da suka yi wannan da mutunci suka samo wa 'yan'uwansu sauƙi. Amma a nan ne tarko ya fi yawa. Takara tana cin kuɗi, ɗalibi kuwa ba shi da su, sai wani ɗan siyasa daga waje ya biya, daga ranar kuma an saye bakin yaron. Daga nan sai yawon ofisoshi da allon lambar yabo ana miƙa wa duk mai iya ba da wani abu, sai a wayi gari ana kiran mutum kwamared, ya fi sanin gidan gwamnati a kan ajinsa. Wasu har jinkirta gama karatu suke yi don kada kujera ta kuɓuce. A aji ɗaya da aji biyu ba ka da abin yi a can illa ka jefa ƙuri'a ka kuma halarci taro ka ji yadda ake magana. In ka kai aji uku, makinka ya tsaya da ƙafarsa, kuma babanku ya amince, sai a sake zama. Zanga-zanga kuwa, ka riƙe wannan: wanda ya kira ta ba kasafai yake iya tsayar da ita ba, kuma in aka fasa gilashi ɗaya, kwamitin ladabtarwa da hoton da aka ɗauka zai yi aiki, ba da niyyar da ka fito da ita ba.

In aka taɓa damƙa maka kuɗin ƙungiya, ko naira dubu biyar ce, kada ta kwana a asusunka na banki tare da kuɗinka. A sa a asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, ka riƙe littafi, ka karɓi rasit ko na ruwan leda ne, ka karanta wa mambobi lissafi tun ba su tambaya ba. Yawancin yaran da na ga sunansu ya ɓaci ba ɓarayi ba ne. Rance suka yi wa kansu da niyyar mayarwa in an turo daga gida, ba a turo ba, ranar miƙa mulki ta zo. Abokan karatunka kuwa su ne za ka tarar a ma'aikatu da bankuna nan da shekara 20, kuma ba sa manta wanda kuɗin walimar ɗalibai ya maƙale a hannunsa.

Game da ƙungiyar asiri, ba ta zuwa da sunanta. Wani ne zai fara yi maka alheri fiye da ƙima, ya biya maka abinci, ya ce akwai masu neman ka da sharri amma shi zai tsaya maka, sannan ya gayyace ka wani zama da dare a wajen makaranta, ya ce kada ka gaya wa kowa. Ma'aunin mai sauƙi ne. Kowace halattacciyar ƙungiya tana da rijista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da malami mai ba ta shawara wanda za ka iya zuwa ofishinsa, tana da kundin tsarin mulki a rubuce, tana taronta a fili. Wadda ta rasa waɗannan, ko ta nemi ka yi rantsuwar ɓoye sirri, ka nisance ta, kuma ka sanar da mai kula da ajinku ko jami'an tsaron makaranta tun abin bai yi nisa ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma hukuncin wanda aka kama a ciki kora ce.

'Yan mata da za su karanta amsar nan, maganar ta shafe ku, har ma ta fi. Ku zaɓi ƙungiyar da ke taro da rana a cikin makaranta, ku je ku biyu ko uku, ku sanar da gida. Amma kada ku yarda a mayar da ku masu dafa abincin taro da raba ruwa kawai, ko a ajiye ku a kujerar mataimakiya don a ce akwai mace. Ku karɓi rubutu, ku karɓi lissafi, ku koyar a tutoriyal. In an fita aikin lafiya ko wayar da kai a ƙauye, matan gida ba za su buɗe cikinsu ga saurayi ba, ɗalibar da ke jin Hausa ita ce za ta shiga ta ji ainihin abin da ke damunsu.

Wasanni ma kada ka bari. Ko ba za ka kai ga gasar jami'o'i ta NUGA ba, wadda ake yi tun 1966, ƙwallon yamma sau biyu a mako tana gyara barci da karatu, kuma a fili ake ƙulla abotar da ba ta tambayar garinku.

Akwai wani amfani da ba ka hango ba tukuna. Ranar da za ka nemi tallafin ƙaro karatu, irin Chevening na gwamnatin Birtaniya, za a ce ka rubuta bayani a kan jagorancin da ka taɓa yi da yadda kake ƙulla alaƙa da mutane, a kuma nemi wasiƙun shaida daga waɗanda suka san ka. Ɗalibai kan zo mini bayan shekaru suna neman irin wannan wasiƙa. Wanda na sani a takardar jarrabawa kaɗai, iyakar abin da zan rubuta da gaskiya shi ne ya ci kwas ɗina da maki kaza. Wanda kuwa na ga ya tsara tutoriyal na zango guda, ya riƙe kuɗin mutane ya mayar cif, zan cika shafi ban yi ƙarya ba, kuma masu tantancewa suna gane bambancin wasiƙun nan biyu. Don haka ka riƙa ajiye shaidar abin da ka yi: kwafin wasiƙar da ka rubuta, rahoton taro, yawan waɗanda suka amfana. Yajin aikin malamai ma, wanda a 2022 ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna wannan, domin waɗanda suka riga suka san mutane da wani aikin hannu ta hanyar ƙungiyoyinsu sun samu inda za su je su koyi wani abu, saura kuwa zaman gida suka yi.

Abu na ƙarshe, kada ka shiga komai a ɓoye wa babanku. Umarni ya ba ka, kuma albarkar karatun tana tare da yardarsa. Ka bari sakamakon zangon farko ya fito, in ka je hutu ka kai masa takardar ya gani, ka samu lokacin da hankalinsa yake kwance. Kada ka ce masa kana son shiga ƙungiya, domin da ya ji haka 1986 zai tuna. Ka gaya masa ainihin abin: ɗaliban sashenku suna koyar da na ƙasa da su ranar Asabar kana son ka taimaka, malami wane ne ke kula da su, a aji kaza ake yi, da rana. Ka yi masa alkawarin cewa in makinka ya sauka ƙasa da inda kuka amince, da kanka za ka ajiye. In kana jin nauyinsa, ka bi ta wurin mahaifiyarka ko wani kawunka da ya yi jami'a. In duk da haka ya ce a'a, ka yi biyayya, ba ka rasa komai ba tukuna: laccocin da ake buɗe wa kowa suna nan, filin wasa yana nan, karatun rukuni da abokai daga wasu jihohi ba ya buƙatar katin ƙungiya, kuma kana iya zuwa wurin malamin da ke bincike ka ce kana son taya shi tattara bayanai. In ka shiga aji biyu da sakamako mai kyau a hannu, sai ka sake tuntuɓarsa.